Yadda gwamnati ke haɗa binciken teku da masana'antu: abin da Norway ta yi da kifinta

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun kiwon kifi. Tun da aka kafa ma'aikatar kula da harkokin teku da tattalin arzikin ruwa a Najeriya a shekarar 2023 nake jin jami'ai suna cewa za a haɗa binciken kimiyyar teku da masana'antu. Me hakan yake nufi a aikace, kuma akwai ƙasar da ta yi shi har aka ga amfaninsa?

Amsa: Akwai, Malam, kuma misalin da ya fi dacewa da karatunka shi ne ƙasar Norway, wadda mutanenta ba su kai miliyan shida ba, amma a shekarar 2023 ta fitar da kifi da sauran kayan teku na kimanin biliyan 172 na kuɗinta, wato krone. Kafin in shiga labarinta, ya kamata ka san cewa kafa kwamiti da kiran taron masu ruwa da tsaki shi ne ɓangare mafi sauƙi a wannan aiki, shi ya sa kowace gwamnati take farawa da shi, da yawa kuma a nan suke tsayawa. Ainihin aikin yana cikin amsa wasu tambayoyi masu nauyi: wa zai biya kuɗin binciken, wa zai zaɓi matsalar da za a bincika, wa zai mallaki abin da aka gano, kuma wa zai iya faɗin sakamakon a bainar jama'a idan ya saɓa wa son ran masu kuɗi. Norway ta ba kowace tambaya amsa dabam, gwargwadon irin binciken, kuma a ganina wannan rarrabewar ce tushen nasararta.

Nau'in farko shi ne binciken sanin abin da ke cikin teku, kuma wannan gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsa kacokan. Cibiyar binciken teku ta ƙasar, wadda ke birnin Bergen, ta samo asali tun shekarar 1900, lokacin da aka ba masanin nan Johan Hjort jagorancin aikin tare da jirgin bincike mai suna Michael Sars. Matsalar da ta dami masunta a wancan zamani ita ce wata shekara a cika jirage da kifi, wata shekara a dawo hannu rabbana, ba wanda ya san dalili. Mafi yawa sun ɗauka kifin ƙaura yake yi zuwa wani wuri. Hjort da abokan aikinsa suka riƙa duba ɓawon jikin kifin shawa, domin akwai zobba a jikinsa da ke nuna shekarun kifin, suka gano cewa kifin da aka ƙyanƙyashe a shekarar 1904 kaɗai shi ya mamaye kamun da aka yi na tsawon shekaru masu yawa bayan haka. A 1914 ya wallafa bayanin cewa yawan 'ya'yan kifin da ke rayuwa ya bambanta ƙwarai daga shekara zuwa shekara, kuma wannan ne ke kawo yalwa ko ƙaranci. Babu wani mai jirgi da zai biya a yi masa irin wannan aiki na shekara da shekaru, alhali duk wani lissafin yawan kifi da ake yi a duniya yau a kansa aka gina shi.

Sanin bai hana ɓarna ba da farko. A cikin shekarun 1960 jiragen kamun shawa suka samu na'urar gano garken kifi ta hanyar amsa-kuwwar sauti, suka samu taru na roba mai ƙarfi da injin da ke jawo shi, sai kamu ya ninka cikin ɗan lokaci, kafin ƙarshen shekarun goman kuma garken shawa mafi girma a yankin ya kusa ƙarewa. Sai da aka taƙaita kamunsa matuƙa na shekaru da dama, kuma bai farfaɗo ba sai bayan ƙyanƙyasa mai albarka ta 1983. Fasahar kamu ta riga dokar kamu isa teku, kuma daga wannan wahala ne aka koma ga tsarin ƙayyade adadin da za a kama kowace shekara bisa shawarar masana. Ko a lokacin yaƙin cacar baka, Norway da Tarayyar Sobiyet sun kafa hukumar haɗin gwiwa kan kifin tekun Barents, wadda ta fara zama a 1976, masanan Bergen da na birnin Murmansk na Sobiyet suna ƙidayar kifi tare. A 1989 kuma aka raba cibiyar Bergen da hukumar da ke gudanar da harkar kamun kifi, ta zama mai cin gashin kanta, domin kada ofishin da ke raba izinin kamu ya zama shi ne kuma mai faɗin yawan kifin da ya rage.

Cin gashin kan bai sa masanan sun juya wa masunta baya ba. Tun daga shekarar 2000 cibiyar take da yarjejeniya da wasu zaɓaɓɓun jiragen kamun kifi na 'yan kasuwa, manya da farko, daga baya har da ƙanana, waɗanda ake horar da ma'aikatansu su riƙa ɗaukar samfuri a yayin aikinsu na yau da kullum. Idan an jawo taru, sai a ware wani adadi na kifin a shimfiɗa a kan allon awo, a rubuta tsawon kowanne da nauyinsa, a tsaga kan wasu a ciro ɗan ƙashin cikin kunne da ake gane shekaru da shi, a saka a ambulan mai lamba, a kuma rubuta duk abin da ya shigo tarun ba da niyya ba. Ana biyan jirgin ladan wannan aiki. Ribar cibiyar ita ce tana samun bayanai daga wurare da lokutan da jiragenta ba za su iya kaiwa ba, ribar masunta kuwa ita ce idan aka rage musu kason kamu, sun san da hannunsu aka tattara alƙaluman da aka yi hukunci da su, gardama sai ta ragu.

Nau'i na biyu shi ne binciken da amfaninsa na masana'antu ne, amma yana da tsawo da haɗarin asara fiye da yadda kamfani ɗaya zai jure. A nan labarin kiwon kifin salmon ya shigo, wato wani kifi da ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya girma a teku. Ba masana ne suka fara shi ba. Wasu 'yan'uwa biyu masunta, Ove da Sivert Grøntvedt, su ne a 1970 suka zuba matasan salmon dubu ashirin a cikin kejin raga mai shawagi a gaɓar tsibirin Hitra, abin kuma ya yi kyau. Gwamnati ta biyo baya da dokar lasisi a 1973. Sai dai kifin da suke kiwo na daji ne, mai jinkirin girma, mai firgita, mai ɓarnar abinci. Masana biyu daga kwalejin aikin gona, Harald Skjervold da Trygve Gjedrem, waɗanda asalin ƙwarewarsu a kan inganta irin dabbobin gida take, suka kafa tasha a Sunndalsøra a 1971, suka tattaro ƙwai daga koguna kusan arba'in, suka riƙa renon kowane iyali dabam, suna auna wanda ya fi saurin girma da wanda ba ya saurin balaga da wanda ya fi jure cuta, suna haɗa na gaba da na gaba. Kowane zagaye na ɗaukar kimanin shekara huɗu, saboda haka sai an yi shekara goma sha biyu kafin a ga jikoki na uku. Bayan wasu zagaye, lokacin da kifi ke ɗauka kafin ya isa sayarwa ya ragu da kusan rabi. Idan kana son ka gane matsayin wannan tasha, dubi Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, wadda ke shafe shekaru tana fitar da irin masara ko dawa ko gyaɗa, sannan kamfanonin iri su yawaita shi su sayar wa manoma.

Amma a nan akwai darasin da ba kasafai ake ambatonsa ba. Irin da aka inganta da kuɗin jama'a an miƙa shi ga kamfani, wanda aka sani yau da AquaGen, daga baya kuma kamfanin ya koma hannun rukunin EW na ƙasar Jamus. Wasu na ganin ba laifi, tunda ƙwan yana nan ana sayar wa masu kiwo kuma ana ci gaba da inganta shi. Ni dai ina ganin ƙasar da ta zuba shekaru ashirin a kan dukiya irin wannan ya kamata ta rubuta tun farko sharuɗɗan da za a bi in an tashi sayar da ita. Wani abin da zai ba ka sha'awa shi ne, masanan Norway ɗin nan sun kai wannan dabara ƙasar Filifin, inda daga 1988 aka yi aikin inganta karfasa da aka fi sani da GIFT, kuma cikin irin da aka fara da shi har da wanda aka ɗebo daga ruwayen Masar da Ghana da Kenya da Senegal. Kifin Afirka ne, amma manoman Asiya ne suka fara cin moriyar ingantaccensa shekaru da yawa kafin mu.

Cuta ma ta bi wannan hanya. A tsakiyar shekarun 1980 cututtukan bakteriya sun addabi kejin, har a 1987 aka yi amfani da kusan tan hamsin na magungunan kashe ƙwayoyin cuta, alhali kifin da aka noma bai wuce tan dubu hamsin da 'yan kai ba. Cibiyar likitancin dabbobi ta gwamnati da jami'o'i da kamfanonin magani suka haɗu a kan allurar rigakafi, aka kuma kafa dokokin tsabta da na hutar da wurin kiwo tsakanin zubi da zubi. Yau kowane ɗan kifi ana yi masa allura a ciki, ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai shi teku, kuma duk da cewa abin da ake nomawa ya haura tan miliyan ɗaya, maganin da ake amfani da shi a mafi yawan shekaru bai kai tan ɗaya ba.

Nau'i na uku shi ne binciken matsalolin yau da gobe na masana'antar, kuma wannan masana'antar ce ke biyan kuɗinsa, sai dai gwamnati ce ta wajabta biyan. Tun 2001 doka ta ɗora wani ɗan haraji a kan duk kayan tekun da aka fitar waje: krone uku a cikin kowace dubu. Kuɗin ba ya shiga baitulmali a gauraya shi da na hanya da asibiti, yana tafiya kai tsaye zuwa wani asusu da ake kira FHF, kuma idan ka lissafa da yawan abin da ake fitarwa yanzu, za ka ga ya kai wajen rabin biliyan a shekara. Wakilan masu jirage da masu kiwo da masu sarrafa kifi da ma'aikata su ne ke zama su ce ga abin da ya fi damunsu, sai asusun ya ba da aikin ga cibiyoyi irin su Nofima da ke Tromsø ko SINTEF da ke Trondheim ko jami'o'i. Sharaɗin da ya riƙe tsarin duka shi ne, duk abin da aka gano ana wallafa shi kowa ya gani, ko da bai yi wa masana'antar daɗi ba.

Hikimar wajabtawar tana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa shiga ƙungiyar 'yan kasuwa. In aka bar shi ganin dama, kowa zai noƙe yana jiran maƙwabcinsa ya biya, shi ya kwafa a banza, ƙarshe ba wanda zai biya. Da yake kowa na biya daidai ƙarfinsa, ƙaramin mai keji yana samun ilimin da babban kamfani ke samu. Raunin tsarin kuwa shi ne ɗan kasuwa ba ya hangen abin da ya wuce shekara biyu ko uku, shi ya sa ba a bar masa binciken dogon zango ba. Wannan yana hannun Majalisar Bincike ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993 ta hanyar haɗe ƙananan majalisu da ke warwatse. Akwai kuma rangwamen haraji tun 2002 ga kamfanin da ya kashe kuɗinsa a kan bincike na kansa.

Wata hanya da bincike ke isa ga masana'antu ita ce ta mayar da shi ƙa'idar dole. A 2006 salmon fiye da dubu ɗari tara suka tsere daga keji, mafi yawa saboda guguwa ta karya keji ko igiyoyin ɗauri sun tsinke ko raga ta yage. An riga an fitar da ƙa'idar injiniya mai lamba NS 9415, wadda ta ƙayyade ƙarfin da keji da raga da anga za su kasance da shi gwargwadon igiyar ruwa da iskar wurin da za a kafa su, kuma da aka tsananta aiki da ita tare da binciken musabbabin kowace tserewa, adadin ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya.

Inda aka fi gwada ƙarfin tsarin shi ne batun kwarkwatar kifi. Wata 'yar halitta ce mai maƙalewa a jikin salmon tana cin fatarsa. Tana nan a teku tun asali, amma da aka tara miliyoyin kifi a mashigan teku masu ƙunci, sai ta samu wurin hayayyafa, 'ya'yanta kuma su bi ruwa su faɗa wa matasan salmon na daji da ke fitowa daga koguna a bazara. A 2017 gwamnati ta raba gaɓar ƙasar gida goma sha uku, ta ce masana za su riƙa kimanta yawan matasan kifin daji da kwarkwata ke kashewa a kowane yanki, duk bayan shekara biyu kuma a yanke hukunci bisa sakamakon. In bai kai kashi goma cikin ɗari ba, yankin kore ne, a bar masu kiwo su ƙara kashi shida. In yana tsakanin goma da talatin, ruwan ɗorawa ne, a tsaya yadda ake. In ya wuce talatin, ja ne, a rage musu kashi shida. Masanan suna kama matasan kifi da taru suna ƙirga kwarkwatar jikinsu, suna ajiye ƙananan kejin gwaji a mashigai, suna kuma lissafa da kwamfuta inda ruwa zai kai 'ya'yan kwarkwatar. Da aka fara rage wa yankunan yammacin ƙasar a 2020, masu kiwo sun kai gwamnati kotu suna cewa lissafin ba shi da tabbas, suka kuma sha kaye. Da a ce kuɗin masu kejin ne ke biyan albashin masu ƙirgar, da wuya wani yanki ya taɓa zama ja.

Kada ka ɗauka komai ya tafi daidai. Kwarkwatar ta saba da magunguna, aka koma wanke kifi da ruwan ɗumi da goge shi da injina, abin da ke raunata shi ƙwarai. Rahoton cibiyar likitancin dabbobi ya nuna cewa a 2023 salmon fiye da miliyan sittin da biyu ne suka mutu a keji kafin a kai ga yanka su, wato wajen kashi goma sha bakwai cikin ɗari. Salmon na daji ya shiga jerin halittun da ake fargabar makomarsu a 2021, kuma a 2024 an rufe koguna talatin da uku ga masu kamu saboda ƙarancin kifin da ya dawo. Tsakanin 2015 da 2017 gwamnati ta ba da lasisi na musamman ga kamfanonin da suka yi alkawarin sabuwar fasaha, daga ciki aka samu katafaren keji na tsakiyar teku mai suna Ocean Farm 1, mai faɗin mita 110, amma an soki shirin da cewa lasisin da ake iya mayarwa na dindindin a farashi mai rahusa shi ne ya ja hankalin wasu fiye da fasahar kanta. Da gwamnati ta nemi kason jama'a daga ribar, ta kawo shawarar harajin kashi arba'in a 2022, aka kai ruwa rana, aka daidaita a kan ashirin da biyar a 2023.

Idan muka dawo gida, ba daga sifili za mu fara ba. Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, tana da Cibiyar Binciken Teku ta NIOMR a Legas tun 1975, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa kusa da tafkin Kainji. Jirgin bincike na Dr Fridtjof Nansen, wanda masanan Bergen ke tafiyarwa tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1975, ya sha yin ƙidayar kifi a mashigin tekun Guinea tare da masananmu. Mun ma taɓa ganin haɗin kai na gaske: dokar Amurka ta 1989 ta hana shigar da jatan lande daga ƙasar da jiragenta ba sa saka wata ƙofa a cikin taru da kunkurun teku zai iya fita ta ciki, kuma da kasuwar ta kuɓuce wa Najeriya, masu bincike da sashen kula da kamun kifi da masu jirage sun zauna tare a kan yadda za a ɗinka ƙofar ba tare da jatan landen ya zube ba, har aka maido da izinin. Abin ya yi sauri ne domin kowa ya ga kuɗin da zai yi asara.

Sai dai ba za a kwafi tsarin Norway yadda yake ba, domin ita fitarwa take yi, mu kuwa shigowa da kifi muke yi, har da shawa da busasshen kifi daga ita Norway ɗin. Harajin fitarwa ba zai tara mana abin kirki ba. In za a kafa irin wannan asusu, a kan kifin da ake shigowa da shi da lasisin manyan jirage ya kamata a ɗora shi, a kuma rubuta a doka cewa ba za a karkatar da shi ba, masu kiwo da masunta su samu kujera a wurin zaɓen ayyuka. Na biyu, masana'antar tamu ba manyan kamfanoni ba ce, dubban masu kwalekwale ne da masu tafkin tarwaɗa a bayan gida, waɗanda kukansu bai wuce tsadar abincin kifi da rashin ingantattun 'ya'yan kifi ba. Mafi yawan masu ƙyanƙyasa suna ɗaukar iyaye ne daga tafkin da ke kusa, 'yan'uwa suna ta haɗuwa da juna, girma yana ja baya, kuma shirin inganta irin tarwaɗa iyali-iyali kamar na Sunndalsøra aiki ne da tarwaɗa za ta fi salmon saurin ba da sakamako a kansa, tunda ita cikin shekara guda take isa haihuwa. Ga mai karatu irin naka, a nan nake ganin aikin yake, shi da rubuta abin da ake saukewa kullum a bakin ruwa, daga Badagry zuwa Yauri, nau'i da tsawo da nauyi, domin duk wata iyakar kamu da ma'aikatar za ta sanar nan gaba a kan waɗannan alƙaluman za a lissafa ta.